Gobarar Aracoma ta 2006 da Yadda Ta Sauya Gwajin Wuta na Bel ɗin Kwal a Amurka

Da yammacin ranar 19 ga Janairun 2006 wuta ta tashi a jikin bel mai jigilar kwal a cikin mahaƙar Aracoma Alma mai lamba 1, a gundumar Logan ta jihar West Virginia a Amurka. Mahaƙar ta wani reshe ce na kamfanin Massey Energy. Ma'aikata biyu suka rasa ransu, kuma iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙin ce ta kashe su. Kwana 17 kafin nan fashewar mahaƙar Sago, a jihar dai, ta ci mutum 12. Saboda haka gobarar ta zo ne a lokacin da idon majalisar dokokin ƙasar ke kan ramukan kwal, kuma ita ce ta tono wata tambaya da aka daɗe da binnewa: gwajin da ake yi wa bel kafin a ce "ba ya cin wuta", me yake aunawa?

Inda wutar ta tashi

A irin wannan mahaƙa injin yana yankar kwal ne daga doguwar fuska guda yana ja da baya. Kullum fuskar na matsowa, kullum bel ɗin da ke kwashe kwal daga gare ta na yin rara. Ba za a tsaya yanke bel kowace rana ba, don haka akwai ma'ajiya a kusa da injin juya bel ɗin, inda rarar ke kai da komo tsakanin gangunan ƙarfe, hawa kan hawa, wasu gangunan a kafe, wasu a kan keken da ke tafiya bisa dogo. Tsakaninsu akwai ƙananan kekuna da ke tallafe bel ɗin don kada hawa ɗaya ya zauna kan ɗan'uwansa.

A wannan ma'ajiya ce abin ya faru. Binciken hukumar kula da lafiyar ma'aikatan ma'adinai ta Amurka, MSHA, ya nuna cewa bel ɗin ya karkace daga hanyarsa ya riƙa gugar ƙarfen da ke gefe. Bel da ke guga yana yin abu biyu a lokaci guda: yana ɗumama ƙarfen, yana kuma zubar da ɓarɓashin roba da zare a ƙasan wurin. Ɓarɓashin ya haɗu da garin kwal da giris da aka bari suka taru ba a kwashe ba. Makamashi ya samu, zafi ya samu, iska kuwa dama fanka na turo ta dare da rana.

Waɗanda ke kusa sun yi ƙoƙari. Sun fesa tukwanen kashe gobara, ba su wadatar ba. Suka jawo tiyo, haƙoran bakinsa suka ƙi shiga na bututun ruwan. Da aka buɗe bututun kansa, ko ɗigo babu, domin an rufe bawul can baya. Na'urar yayyafa ruwa mai aiki da kanta ba ta kai ga ma'ajiyar yadda doka ta tanada ba. Na'urorin da ke sansano kabon monoksaid sun buga ƙararrawa a saman ƙasa da ƙarfe 5:14, amma an ɗauki kusan minti 28 kafin a umarci mutanen da ke can ciki su fito.

Su 12 ne a sashen da ke can cikin ramin. Suka hau motar ɗaukar ma'aikata suka biyo babbar hanyar tsira, wadda a ƙa'ida iska mai tsabta kaɗai ke bi ta cikinta, katangun bulo sun raba ta da ramin bel. To, wasu daga cikin katangun nan babu su. Hayaƙi ya tsallako ya cika hanyar, har mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Suka sauka daga mota, suka sa na'urar numfashi ta gaggawa, suka bi jikin bango da lalube har 10 daga cikinsu suka samu wata ƙaramar ƙofa da ta fitar da su zuwa wani ramin mai iska mai kyau. Biyu suka ɓace wa 'yan'uwansu a cikin hayaƙin. Sai ranar 21 ga wata aka gano gawarwakinsu.

MSHA ta lissafa karya doka 25 da suka taimaka wajen aukuwar abin. Daga baya kamfanin ya amsa laifi a gaban kotun tarayya, aka ci shi tarar dala miliyan 2.5, ban da wata dala miliyan 1.7 ta hukuma. Ita ma hukumar ba ta fita fes ba, domin binciken da ta yi wa kanta ya nuna cewa masu duba mata sun wuce abubuwan da bai kamata su wuce ba. Amma a duk wannan jeri, ba a kan rashin takardar amincewa da bel ɗin maganar ta tsaya ba. Dokar lokacin ta gamsu da duk bel ɗin da ya ci gwajin da ake kira 2G.

Gwajin 2G

Asalinsa tun shekarun 1950 ne, kuma ga yadda ake yin sa. Ana yanko guntaye huɗu daga bel ɗin, kowanne tsawon inci 6, faɗin rabin inci, wato kamar santimita 15 da santimita 1.3, kaurinsa yadda bel ɗin yake. Biyu a yanka su bisa tsawon saƙar, biyu a gicciye. A maƙale guntu ɗaya a cikin akwati mai inci 21 ta kowane gefe, a kara masa harshen wutar gas na ɗakin gwaji tsawon minti ɗaya, iska a tsaye. Sai a janye wutar, a kunna fanka ta riƙa busa iska mai gudun ƙafa 300 a minti. Mai gwaji ya riƙe agogo. Idan aka haɗa sakamakon guntaye huɗun aka raba, harshen wuta bai wuce minti ɗaya yana ci ba, jan garwashi kuma bai wuce minti uku ba, bel ya ci jarrabawa.

Kada a raina wannan gwaji gaba ɗaya. Ya raba ramuka da bel ɗin roba zalla, irin wanda ke kamawa da ɗan abu kaɗan. Ingila ta ɗanɗana wannan a mahaƙar Creswell ranar 26 ga Satumban 1950, inda yagaggen bel ya cushe a mahaɗar bel biyu, guga ta kunna shi, mutum 80 suka mutu. Bayan Creswell ne ƙasashe masu haƙar kwal suka fara tilasta bel mai jure wuta.

Matsalar ita ce guntu mai faɗin rabin inci yana zubar da zafinsa ta kowane gefe. Babu rufi a kusa da zai mayar masa da zafin, babu sauran bel a gabansa da hayaƙi mai zafi zai riƙa gasawa. A cikin rami kuwa lamarin daban ne. Da zarar tarin garin kwal da ɓarɓashin roba ya kama a ƙarƙashin bel, iskar fanka na kwantar da harshen wutar ta tura zafin gaba. Zafin ya taru a ƙasan rufin dutse, rufin ya mayar da shi kan bel ɗin da wuta ba ta kai gare shi ba tukuna. Robar ta fara fitar da tururi mai kamawa, kafin a ankara fuskar bel ta mita da dama ta kama a lokaci ɗaya. Gwajin 2G yana amsa tambayar ko ƙaramar wuta za ta kunna bel. Tambayar da ran ma'aikaci ya rataya a kanta ita ce, idan wuta babba ta riga ta kama, bel ɗin zai ɗauke ta ya yi gaba da ita, ko zai tsaya?

Abin da aka sani tun shekarun 1980

Abin takaicin shi ne an san wannan shekaru da dama kafin Aracoma. A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike na Hukumar Ma'adinai ta Amurka, wadda daban take da MSHA, sun ƙona bel na gaske a wani ramin gwaji mai tsawon ƙafa 90 a cibiyar Lake Lynn. Suna ɗora bel mai tsawon mita 9 a kan ƙarafunan jigila irin na rami, su ajiye tire na fetur haɗe da wani mai a ƙasan bakinsa, su kunna, su sauya gudun iska su ga abin da zai faru. Bel da dama da ke ɗauke da tambarin 2G sun ƙone ƙurmus daga farko har ƙarshe, musamman na nau'in robar da ake kira SBR. Wasu kuma, irin na robar niyofirin da wasu na filastik ɗin PVC, wutar ta ci ɗan wuri ta mutu.

Sun kuma gano cewa gudun iska ba ya aiki yadda mutum zai zata. Abin ya yi kama da zugazugin maƙeri: a busa a hankali wutar ta yi sanyi, a busa daidai ta yi ja. A rami, iska mai ƙarfi sosai tana kwashe zafin da tururin kafin su taru a kan bel. Mafi muni shi ne matsakaicin gudu, kusan mita 1.5 a daƙiƙa, wanda ba baƙon gudu ba ne a ramukan bel.

Ba kowane kamfanin bel ne zai gina rami mai ƙafa 90 ba, don haka aka ƙera ƙaramin gwaji da sakamakonsa ke tafiya da na babban, aka sa masa suna BELT. MSHA ta gabatar da shi a matsayin daftarin doka a watan Disambar 1992. Daftarin ya yi shekara kusan 10 a aljihun tebur, a watan Yulin 2002 aka janye shi, bisa hujjar cewa gobarar bel ta ragu kuma na'urorin sa ido sun inganta. A 2004 kuma aka fitar da dokar da ta ba da damar amfani da iskar da ta bi ta ramin bel wajen shayar da inda ake yankan kwal, muddin akwai na'urorin sansano kabon monoksaid. A taƙaice, an jingina komai kan ƙararrawa da kan mutumin da zai ji ta ya ɗauki mataki. Minti 28 na Aracoma sun nuna iyakar wannan dogaro.

Bayan Sago da Aracoma majalisa ta zartar da dokar MINER, aka sa mata hannu ranar 15 ga Yunin 2006. Dokar ta kafa kwamitin masana kan iskar bel da kayan da ake yin bel da su. Kwamitin ya miƙa rahoto a Disambar 2007 da shawarwari 20, ciki har da a karɓi gwajin BELT ba tare da ɓata lokaci ba. Sabuwar doka ta fito ranar 31 ga Disambar 2008. Duk bel ɗin da za a sa a rami bayan 31 ga Disambar 2009 sai ya ci sabon gwajin, tsofaffin da ke kan aiki kuma aka ba su zuwa 31 ga Disambar 2018.

Yadda ake gwajin BELT

Akwatin gwajin ɗan ƙaramin rami ne a kwance, tsawonsa inci 66, faɗi da tsayinsa inci 18 a ciki, an yi shi da allo mai kaurin inci ɗaya wanda ba ya ci kuma ba ya saurin zubar da zafi. Wannan allo shi ne zuciyar gwajin, domin shi ke yin aikin rufin dutse, ya mayar wa bel da zafin da ya fitar. Gabansa a buɗe yake, bayansa na haɗe da bututun da fanka ke zuƙo iska ta ciki.

Samfuri uku ake yankowa, kowanne tsawon inci 60, faɗin inci 9. Idan aka auna fili, kowane ɗaya ya ninka guntun 2G sau 180. Kafin gwaji ana shimfiɗa su a kwance aƙalla awa 24 a ɗaki mai ɗumin kusan digiri 21 na ma'aunin Salsiyas, domin bel da ya fito daga sanyi zai ba da sakamakon ƙarya. Sai a ɗaure samfurin a kan shimfiɗar ƙarfe da ƙusoshi da washa. Wannan ɗauri ba ado ba ne. Bel ɗin PVC idan ya ji zafi yana lanƙwashewa ya ja da baya, in ba a kafe shi ba sai ya guje wa wutar ya ci jarrabawar da bai cancanta ba.

Ana daidaita iska a kan ƙafa 200 a minti, wato kusan mita ɗaya a daƙiƙa, ba a yarda ta kauce da fiye da ƙafa 20 sama ko ƙasa ba. Ana auna rufin akwatin a wurare uku, gaba da tsakiya da baya, kada ko'ina ya wuce digiri 35 kafin a fara. Nan ne mai gaggawa ke yin kuskure: in aka sa samfuri na biyu alhali akwatin bai huce daga na farko ba, an ƙara masa zafin da ba ya cikin lissafi. Iskar da ke shiga kuma kada ta gaza digiri 10.

Kan wutar bututu ne mai lanƙwasa biyu, da bakuna 12 a jeri biyu, ɗaya na dukan saman bakin bel, ɗaya na dukan ƙasansa. Iskar metan ake ba shi, kusan lita 34 a minti. Ana riƙe wutar a bakin samfurin minti biyar cur, sannan a janye, a bar bel ɗin da fanka su ƙarasa abinsu har wutar ta mutu da kanta.

Hukuncin ba ya buƙatar agogo. Bayan samfurin ya huce ana ciro shi a duba: akwai wani yanki da ya tsira lafiya daga wannan gefe zuwa wancan, faɗin gaba ɗaya? Bororon da zafi ya tayar ba tare da ƙuna ba, ba a lissafa shi ɓarna. Amma in ƙuna ta bi gefe ɗaya ta kai ƙarshe, ko da tsakiya na nan lafiya, samfurin ya faɗi. Kuma ba a haɗa sakamako a raba kamar a 2G. Dole ukun duka su tsira. Bel ɗin da ya ci ana buga masa lambar amincewa a jikinsa, tazarar tambari da tambari kada ta wuce ƙafa 60, domin mai duba rami ya iya karantawa da fitilar hularsa.

Abin da sabon gwajin bai taɓa ba

Da a ce bel mai tambarin BELT ne a ma'ajiyar Aracoma, da wuya wutar ta yi gaba da sauri haka. Amma tartsatsin farko ba daga lafiyayyen bel ya fito ba, daga guga ya fito da tarin datti, kuma gwajin BELT ba ya auna guga ko kaɗan. Akwai gwajin da aka yi domin wannan, wanda Turai da Kanada da Ostareliya ke tilastawa. Ana naɗa guntun bel a jikin gangar ƙarfe mai faɗin kusan santimita 21, a kafe bakinsa ɗaya, a rataya wa ɗayan nauyin kusan kilo 35, a juya gangar sau 200 a minti a ƙarƙashin bel ɗin da ba ya motsi. Wannan shi ne hoton bel da ya cije alhali injin na ci gaba da juyawa. Ana lura ko harshen wuta ko garwashi zai bayyana, kuma a ƙa'idar Turai zafin gangar kada ya wuce digiri 325. Bel ɗin PVC yakan narke ya tsinke kafin ya kai nan, na roba kuwa yakan jure ya ci gaba da tara zafi, shi ya sa nau'in da ya yi fice a gwajin harshen wuta zai iya shan wuya a na ganga. Kwamitin 2007 ya ba da shawarar a jarraba wannan gwaji a Amurka, amma bai shiga dokar 2008 ba. A ganinmu wannan giɓi ne na gaske, tunda guga ce ta kunna Creswell, ita ce kuma ta kunna Aracoma.

Hayaƙi ma haka. Sinadarin kulorin da ke hana PVC da niyofirin ɗaukar wuta, shi ne ke fita a matsayin iska mai ƙona ido da maƙogwaro idan sun gasu. Dokar 2008 ba ta sa iyaka kan kaurin hayaƙi ko dafinsa ba, alhali hayaƙi ne ya raba mutum biyu da ƙofar da 10 suka samu.

Sannan duk waɗannan gwaje-gwaje sabon bel ake yi wa, mai tsabta, daga masana'anta. Wanda ya shekara uku a rami fatarsa ta cinye, zaren cikinsa ya fito a gefe, ya sha mai da garin kwal, an kuma yi masa haɗi a wurare da dama. Shi ya sa dokar ta ƙara wani sashe da bai shafi ɗakin gwaji ba sam: rolar da ta lalace har tana iya tayar da wuta a gyara ta ko a sauya nan take, bel ya zauna a hanyarsa kada ya gogi ƙarfe, kada a bar kaya a ramin bel da za su jawo zafin guga, kuma duk haɗin da aka yi kada ya rage wa bel ƙarfin jure wuta. Wannan na ƙarshe yana da wuyar kiyayewa fiye da yadda ake zato, domin gam da robar faci da aka sayo don arha na iya zama su ne kaɗai masu cin wuta a bel mai tsawon kilomita.

A aikace, mai duba ramin bel yana neman alamu ne da ake gani da ido a kuma ji da hanci. Ƙarfen gefe da ya yi ƙyalli alhali sauran sun yi tsatsa, bel na gugarsa. Zaren da ya naɗe a gindin rola, da baƙin gari mai laushi a ƙasan wuri ɗaya, daga gefen bel suka fito. Rolar da boris ɗinta ya cije tana tsayawa cik, bel ya yi ta bi ta kanta har ya goge ta ta yi kaifi, sau da yawa kuma warin ƙonanniyar roba ke riga ido gano ta. Na'urar da ke tsayar da inji idan bel ya fara sulɓi a kan ganga ana gwada ta ne ta hanyar sa ta aiki, ba da kallon fitilarta ba. Tiyo kuma a ɗaura shi a bakin bututun da gaske, a buɗe, a ga ruwa ya fito da ƙarfinsa a bakin da ya fi kowanne nisa.

Dokar 2008 ta kuma taɓa igiyar tsira da ake shimfiɗawa a hanyoyin fita. An daidaita alamomin da hannu ke ji a jikinta a duk mahaƙun ƙasar, ta yadda wanda ba ya gani zai san inda waje yake, inda ma'ajiyar na'urorin numfashi take, da inda ƙaramar ƙofa take a jikin katanga. Mahaƙar da ke son tura iskar bel zuwa inda ake yanka kuwa, yanzu sai ta kawo hujja a tsarinta na iska, jami'in MSHA na yankin ya amince kafin ta fara.